Yadda Ake Zana Taswirar Wayoyin Lantarki na Gida

Hausawa na cewa, "Tun ran gini ran zane." Asalin maganar daga maginan tukwane take, domin ba a yi wa tukunya ado sai yumɓu yana ɗanye. Idan ya bushe, dama ta wuce. Haka lamarin yake game da sa wa gida wutar lantarki. Kafin birkila ya shafe bango da filasta, dole ne a san inda kowace waya za ta bi, da inda kowane makunni zai zauna. Wanda ya bari sai an gama gini sannan ya tuna yana son soket kusa da gadonsa, to sai dai a fasa bango, ko kuma a bar waya tana reto a fili. Takardar da ke hana wannan asara ita ce taswirar wayoyin lantarki. A wannan darasi za ka koyi yadda ake zana ta, da kuma kalmomin da Hausawa ke amfani da su a wannan fage.

Kalmomi uku masu fuska biyu

Kafin mu shiga zane, ka lura da kalmomi uku da kan rikita mai koyon Hausa. Ta farko ita ce "wuta". Da ita ake kiran wadda ake girki da ita, da ita kuma ake kiran ta lantarki. Idan ka ji an ce "an ɗauke wuta" ko "an kawo wuta", lantarki ake nufi. Idan aka ce "wuta ta ja shi", ana nufin ya taɓa waya lantarki ya fizge shi. Amma idan aka ce "wuta ta kama gida", to gobara ce. Ta biyu ita ce "waya". Tana nufin zaren ƙarfe da lantarki ke bi, tana kuma nufin tarho. Ta uku ita ce "mita". Akwai mita ta awon tsawo, akwai kuma mita da kamfanin wuta ke kafawa a bango domin ƙirga abin da aka sha. Duka ukun za ka haɗu da su a ƙasa, jimlar da suka fito a ciki ce za ta nuna maka ma'anar da ake nufi.

Daga ina wuta take zuwa?

Legas ce ta fara samun wutar lantarki a ƙasar nan, tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, a 1972 kuma aka kafa hukumar NEPA, wadda har gobe sunanta ke bakin yara idan an kawo wuta. A 2013 aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, kowanne da yankinsa, kamar na Kano da na Ibadan da na Inugu da na Benin.

Daga tashar da ake samar da ita, wuta na bin manyan wayoyi zuwa garuruwa. Taransifomar unguwa ce ke rage ƙarfinta zuwa bolt 230, wanda shi ne ma'aunin gidaje a Nijeriya. Daga falwaya sai ta shiga mita, daga mita ta wuce akwatin rarraba wuta. Abin da ke bayan mita na kamfani ne. Abin da ke gabanta kuwa nauyin mai gida ne, kuma shi ne abin da taswirarka za ta nuna.

Wayoyi uku da aikinsu

Lantarki ba ya aiki sai ya sami hanyar zuwa da hanyar komawa. Wannan kewaye shi ake kira da'ira. Saboda haka a kowane layi za ka tarar da wayoyi uku. Ta farko ita ce waya mai wuta, wadda masu sana'a ke kira layif. Ita ke kawo lantarki, ita ce kuma mai haɗari. Ta biyu ita ce wayar komawa, wato nutural, wadda ke cika da'irar. Ta uku ita ce wayar ƙasa. Wannan ba ta ɗaukar komai muddin abubuwa na tafiya daidai. Ana ɗaura ta a jikin ƙarfen kayan aiki, kamar firji da dutsen guga, ɗaya bakin kuma a jikin sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Ranar da waya mai wuta ta sale ta taɓa jikin firji, lantarki zai bi wayar ƙasa ya tsere, maimakon ya bi ta jikin yaron da ya zo ɗaukar ruwan sanyi.

Ana bambanta su da launi. A tsohon tsari, wanda muka gada daga Ingila kuma har yanzu ya fi yawa a gidajenmu, ja ce mai wuta, baƙa ce ta komawa, koriya ce ta ƙasa. A sabon tsari kuwa, mai wuta ruwan ƙasa ce, ta komawa shuɗiya, ta ƙasa kuma koriya mai ratsin rawaya. Ka rubuta a gefen taswirarka tsarin da ka bi, domin kada wanda zai karanta ta ya yi zato.

Kayan aiki da alamomi

Ba ka bukatar kaya masu tsada. Farar takarda mai faɗi ko mai gidan dara, da fensir mai tsini, da rula, da abin goge fensir, da fensiran launi uku sun wadatar. Injiniyoyi na amfani da kwamfuta a yau, amma ƙa'idojin ba su sauya ba.

Taswira magana ce da alamomi. Ga waɗanda aka fi sani. Ƙwan fitila, da'ira ce da aka gicciya layi biyu a cikinta. Makunni, ɗan ƙaramin zobe ne mai jela a karkace. Soket, rabin da'ira ne da ɗan layi a bayansa. Akwatin rarraba wuta, murabba'i ne mai tsawo da aka raba daga kusurwa zuwa kusurwa aka duhunta rabi. Wayar ƙasa kuwa, layi ne a tsaye, ƙarƙashinsa gajerun layuka uku a kwance, kowanne bai kai na samansa tsawo ba. Inda wayoyi biyu suka haɗu ana ɗiga babban ɗigo. Inda suka gitta juna ba tare da haɗuwa ba, ba a sa ɗigo. Da yake alamomin kan ɗan bambanta daga wannan mai zane zuwa wancan, wajibi ne ka keɓe wani gefe na takardar ka jera duk alamomin da ka yi amfani da su tare da ma'anarsu. Wannan shi ne mabuɗin taswira.

Mataki na farko: fasalin gida

Mu ƙaddara gida ne mai falo ɗaya, da ɗakunan kwana biyu, da kicin, da banɗaki, da ɗan lungu a tsakiya, da baranda a gaba. Ka fara zana shi kamar an yaye rufin kana leƙowa daga sama. Ka zaɓi ma'auni guda ka tsaya a kansa. Idan santimita 1 a takarda tana wakiltar santimita 50 a ƙasa, ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 zai zama santimita 8 da santimita 6. Ka nuna tagogi da ƙofofi, ka kuma nuna ɓangaren da kowace ƙofa ke buɗewa. Wannan ƙaramin abu yana da muhimmanci, domin makunnin da aka sa a bayan ƙofa, kullum sai an yi lalube cikin duhu kafin a same shi.

Mataki na biyu: tambayar masu gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka aza alama ko ɗaya sai ka san yadda za a zauna a gidan. Ina za a ajiye gado? A wane bango za a rataye talabijin? Ina uwargida za ta sa firji? A ina ake guga? Akwai tsoho a gidan da zai so kashe fitila daga kan gadonsa? Ana da niyyar sa na'urar sanyaya ɗaki nan gaba? Amsoshin nan su ne za su nuna maka gurbin kowane abu.

Daga nan sai ka aza alamomi. A gidan namu, mu sa ƙwai biyu a falo, ɗaya a kowane ɗakin kwana, ɗaya-ɗaya a kicin da banɗaki da lungu da baranda, biyu kuma a waje domin tsaro. Jimla 10 ke nan. Mu sa fanka uku, ɗaya a falo, biyu a ɗakunan kwana. Makunni yakan zauna kusa da ƙofa ta ɓangaren mariƙinta, kimanin mita 1.2 daga daɓe. Soket na ɗaki yakan zauna ƙasa-ƙasa, kimanin santimita 45 daga daɓe, na kicin kuwa a saman teburin aiki, nesa da famfo da murhu. Banɗaki ba a sa masa soket na yau da kullum, makunninsa ma a waje ya fi dacewa, saboda jiƙaƙƙen hannu da lantarki ba sa ga maciji. Kada ka yi rowar soket. Ɗakin da aka ba soket ɗaya tak, ƙarshensa a jona masa doguwar waya mai baki da yawa a lafta mata kaya.

Mataki na uku: lissafin nauyi

Nan ne zuciyar aikin. Kowane kayan lantarki yana da adadin wat da yake ci, kuma a rubuce yake a jikinsa. Waya kuwa da amfiya ake auna abin da za ta iya ɗauka. Hanyar da ake bi daga wannan zuwa wancan mai sauƙi ce: ka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya.

Mu gwada. Ƙwai 10 masu wat 10 kowanne sun ba da wat 100. Fanka uku masu wat 75 sun ba da wat 225. Jimla wat 325. Idan ka raba da 230, za ka sami amfiya 1.4 kacal. Yanzu dubi butar dafa ruwa mai wat 2,000. Ita kaɗai tana jan kusan amfiya 8.7, wato ta ninka dukan fitilu da fankokin gidan sau shida. Daga nan za ka gane ƙa'ida guda: duk abin da ke samar da zafi, kamar dutsen guga da hita da murhun lantarki, shi ne mai cin wuta.

Soket mai ramuka uku da muka saba gani an yi shi ne domin amfiya 13, wato kusan wat 3,000. A ce a kan soket ɗaya an jona buta mai wat 2,000, da dutsen guga mai wat 1,000, da murhu mai wat 1,500. Jimla wat 4,500, kimanin amfiya 19.6. Nauyi ya wuce ƙima. Ƙarfen ciki zai yi zafi, robar da ta rufe waya ta narke, ƙauri ya tashi. Idan akwai labule ko katifa kusa, musamman a lokacin hunturu da komai ya bushe ƙayau, sai dai a ji ana ihun gobara. Ɗan lissafin nan da aka yi da fensir yana iya zama abin da ya tsare rayukan mutanen gida.

Mataki na huɗu: raba layuka

Ba a ɗora gida duka a kan layi ɗaya. Ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi da wayarsa da birekarsa a cikin akwatin rarraba wuta. Bireka wani makunni ne da ke kashe kansa idan wutar da ke bi ta cikinsa ta wuce adadin da aka ƙayyade masa. Shi ya maye gurbin fis na da, wanda siririyar wayarsa ke ƙonewa. Ana auna kaurin waya da milimita murabba'i.

A gidan namu za mu iya yin layi biyar. Layi na 1, fitilu da fankokin falo da baranda da waje, da waya mai kauri 1.5 da bireka mai amfiya 6. Layi na 2, fitilu da fankokin sauran ɗakuna, shi ma haka. Hikimar raba fitilu biyu ita ce, idan layi ɗaya ya faɗi da dare, gida ba zai yi duhu gaba ɗaya ba. Layi na 3, soket na falo da ɗakunan kwana, da waya mai kauri 2.5 da bireka mai amfiya 20. Layi na 4, soket na kicin, shi ma 2.5 da amfiya 20. Layi na 5, hitar wanka ita kaɗai. Murhun lantarki babba, idan akwai shi, yakan bukaci waya mai kauri 6 da layinsa na kansa. Ka bar gurbi ɗaya ko biyu a akwatin ba kowa, domin gida yana girma, bukatu ma haka.

Ka riƙe wannan da kyau: aikin bireka shi ne kare waya. Idan bireka na yawan faɗuwa, gargaɗi yake yi cewa nauyi ya yi yawa ko akwai lahani a layin. Wanda ya cire shi ya sa mafi girma alhali wayar tana nan siririya, ya toshe bakin mai gadi ne kawai, ɓarawo kuwa yana cikin gida. Akwai kuma wani irin bireka mai gano yoyon wuta, wanda ke yanke layi nan take idan abin da ya kai miliamfiya 30 ya kauce hanya. Shi wannan mutum yake karewa, saboda haka ka ba shi gurbi a taswirarka.

Mataki na biyar: jan layuka

Yanzu ka ɗauki rula. Daga akwatin rarraba wuta, ka ja layi zuwa kowane rukuni, ka rubuta lambar layin a kansa. Sannan ka haɗa kowane makunni da fitilar da yake kunnawa da layi mai ɗigo-ɗigo. Akwai ƙa'idoji uku da ba a karyawa.

Ta farko, makunni a kan waya mai wuta yake zama, ba a kan ta komawa ba. Idan aka juya, fitila za ta mutu idan an kashe, amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta, mai sauya ƙwai kuma yana ganin ya tsira. Ta biyu, kowane ƙwai da kowane soket yana ɗaukar wutarsa kai tsaye daga wayoyi biyun nan, kamar matakan tsani tsakanin sanduna biyu. Ba a jera su kamar carbi, domin da an yi haka, ƙwai ɗaya na mutuwa sauran za su bi shi. Ta uku, bututun da wayoyi ke bi cikin bango a miƙe yake tafiya, ko a tsaye ko a kwance, ba a karkace ba. Ta haka wanda zai kafa ƙusa bayan shekara goma zai iya duban makunni ya san cewa waya na samansa, ya kauce mata.

Bayan wannan, sai ka yi ƙaramin zane na biyu a gefe, mai nuna jerin tafiyar wuta: daga falwaya zuwa mita, zuwa babban makunni, zuwa birekoki, da sandar ƙasa a ƙarƙashi.

Janareta da sola

Da wuya ka sami gida a Nijeriya da ya dogara ga wutar kamfani kaɗai. Idan za a yi amfani da janareta ko sola mai inbata da batir, dole taswira ta nuna makunnin sauya layi tsakanin mita da akwatin rarraba wuta. Aikinsa shi ne tabbatar da cewa gida yana sha daga tushe ɗaya kawai a lokaci guda. In babu shi, wutar janareta na iya komawa ta falwaya ta halaka ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a kashe yake. Ka kuma nuna mazaunin janareta a waje, nesa da tagogi, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Kammalawa da adanawa

A kusurwar ƙasa ta dama ka rubuta sunan aikin, da ma'aunin da ka bi, da kwanan wata, da sunanka. Sannan ka bi kowane layi da yatsa daga akwati har ƙarshe. Kowace fitila tana da makunni? Kowane soket wayar ƙasa ta kai gare shi? Kaurin kowace waya ya dace da birekarta?

Ka sani cewa iyakar aikinka a wannan mataki takarda ce. Jan waya da haɗa ta aikin ƙwararre ne mai shaidar ƙwarewa. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su. Amma mai gidan da ya iya karanta taswira ba a rufe shi. Zai san ya tambayi kaurin wayar da aka sayo masa, zai kuma gane idan an tsallake wayar ƙasa domin rage kuɗi. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ke binne cikin bangon da iyali ke kwana. Idan an gama aiki, a gyara taswirar ta dace da abin da aka yi a zahiri, a ajiye kwafi ɗaya tare da takardun gida, a manna ɗaya a murfin akwatin rarraba wuta. Duk ranar da wani layi ya sami matsala, mai gyara zai duba ya nufi wurin kai tsaye.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar karin maganar da aka buɗe darasin da ita, ka nuna dangantakarta da taswirar wayoyi.
2. Kawo ma'anoni biyu na kowace daga cikin waɗannan kalmomi, ka sa su cikin jimla: wuta, waya, mita.
3. Mene ne aikin wayar ƙasa?
4. Me ya sa ake raba fitilun gida zuwa layi biyu?
5. Dutsen guga mai wat 1,150 amfiya nawa yake ja a kan bolt 230?
6. Wane haɗari ke tattare da haɗa janareta ba tare da makunnin sauya layi ba?

Aiki

Auna ajinku da taimakon abokinka. Zana fasalinsa da ma'aunin santimita 1 a madadin santimita 50, ka aza alamomin fitilu da fankoki da makunnai da soket, ka rubuta mabuɗin taswirar da Hausa. Kada ka buɗe ko ka taɓa cikin wani makunni ko soket yayin wannan aiki.